Ragon Sunan da Ya Tare a Irving Park

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Greensboro ya san Mahamane direban tasi, ko da bai taɓa shiga motarsa ba, don muryarsa kan riga shi isa wuri. Mutum ne da ba a taɓa ambatar abu a gabansa ya ce bai sani ba. In ka ce jirgin sama, ya taɓa taya wani matuƙi gyara. In ka ce ciwon suga, shi ya warkar da kawunsa. Abu ɗaya kawai ke rufe masa baki, shi ne a kira shi Na-Zabo.

Asalin sunan kuwa, a shekarar fari aka haife shi a Maraɗi, dabbobi sun ƙare, mahaifinsa ya rasa ragon suna ya yanka zabo. Gorin nan ya bi shi makarantar allo, ya bi shi lakwal, wato makarantar boko, ya hau jirgi ya biyo shi Amurka ba ko biza. Saboda haka ranar da matarsa Saadatou ta haifi ɗansu na fari, namiji, Mahamane bai tsaya ya ga kamannin yaron da kyau ba, ya kama hanyar wata gona a bayan gari ya sayo farin rago ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho. Ya ɓoye shi a garejin gidan da suke haya a Glenwood, tunda hukuma ba ta yarda a ajiye irin wannan dabba cikin unguwa ba. Ɓoyon dai irin na Mahamane ne, kafin la'asar babu ɗan Nijar da bai zo kallo ba.

"Ku dube shi da kyau," in ji shi, yana shafa gadon bayan ragon. "Ɗana ba za a yi mashi gori ba. Wanga rago, ko gwamna ya haihu sai haka."

Alassane, abokin sana'arsa, Bazabarme mai bakin tsiya, ya ce, "Allah ya kai mu, Na-Zabo. Ka dai ɗaure shi da kyau, kar ya yi fiffike."

Ana cikin shirin suna sai Mahamane ya ɗauko wata Baturiya a filin jirgi, Misis Caldwell, 'yar Irving Park, unguwar da ɗakunan gidajenta suka fi mutanen ciki yawa. Daga ƙasar Peru ta dawo, kuma tun da ta shiga motar ba ta yi shiru ba. Ta ce ta je can kan duwatsu wurin wasu mutane da ake kira Kecuwa, ta sauka a masauki na alfarma. Wata tsohuwa mai magani ta yi mata wankan ganye da ruwan ɗumi, ta ba ta shayin tsirrai, ta goga mata ɓeran Masar mai rai a jiki don ya tsotse cuta. Da safe in ta buɗe taga sai ta ga lama, wata dabba mai gashi da dogon wuya, kamar raƙumi ya haɗa iri da tunkiya. Da ta faɗi abin da tafiyar ta ci mata, saura kaɗan Mahamane ya hau kan motar gabansa. Ta ce ƙawayenta biyu na ta sha'awar zuwa, sai dai ɗaya tana tsoron jirgi, ɗaya kuma likita ya hana ta hawa tudu.

Wani direban da sai ya ce Allah sarki, ya sauke ta ya wuce. Mahamane kuwa sai ya tuna abin da ya baro a gida. Surukarsa Hajiya Fassouma ta zo daga Maraɗi zaman jego, kullum safe da yamma tana tafasa ruwa, ta tsoma ganye ta fyaɗa wa Saadatou, sannan ta ɗura mata kunun kanwa. Wankan ganye ga shi, abin sha ga shi, tsohuwa ga ta, har dabba mai gashi akwai a gareji.

"Madam," ya ce da Turancinsa mai ƙanshin Faransanci, "kin sha wahalar banza. Babbar mai maganin Kecuwa tana gidana yanzu haka. Ita ta koyar da wadda ta yi maki."

"A nan Greensboro?"

"A Glenwood. Har da lamarta ta zo."

Kafin su isa ƙofar gidanta an sa rana, Asabar, wato jajiberin suna.

Matsalar ita ce Mahamane ba ya iya yi wa Hajiya magana kai tsaye. Surukuta suke yi irin ta da: gaisuwa a durƙushe daga bakin ƙofa, ido a ƙasa. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan nan" tana kallon bango. Dole sai ta hannun Saadatou, wadda ya tarar tana shayar da yaro.

"Foroje na samo mana, harka mai kawo kuɗi," ya ce. "Turawa za su riƙa zuwa nan ana yi masu wanka. Baɗi war haka muna Irving Park."

"Wa zai yi masu wankan?"

"Hajiya mana."

"Au, uwata ka ɗauka aiki ba ta sani ba?"

"Ke ba ki san bizines ba. Ki ce mata baƙi ne ke son ganin al'ada."

"Su kuma ka ce masu ita wace ce?"

"Bakecuwa. Amma wannan ba sai ta ji ba."

Saadatou ta gyara wa yaro kwanciya ta ce, "Mahamane, ka bari a yanka ragon nan lafiya, sannan ka haukace a natse."

"Duk manyan mutane haka matansu sunka ce masu da fari."

Ta isar da saƙon, amma yadda ta ga dama. Ta ce wa uwarta wasu Turawa ne suka haihu tuntuni, ba a taɓa yi musu wankan jego ba. Hajiya ta saki carbi ta dafe ƙirji.

"Sun haihu ba a gasa su ba? Tun yaushe?"

"Wata ma ta yi jika."

"Innalillahi! Da ɗanyen jiki suke yawo? Wagga ƙasa ba tausayi. A kawo mani su, a kuma nemo mani babbar tukunya."

Mahamane ya shiga hidima. Ya sayo ɓeran Masar a shagon dabbobin wasa, cikin ɗan keji. Ya ɗauko lurun da Hajiya ta kawo tsaraba, ya sa almakashi ya huda tsakiyarsa ya zura kai, don a hotunan Misis Caldwell ya ga haka mutanen can ke sa bargo. Ragon kuwa ya ɗaura masa farar shimfiɗar ƙofar banɗaki mai gashi buzu-buzu, ya rataya masa tuntun zare ja da kore a kunnuwa, ya cusa ƙahonnin cikin hular sanyi. Yana cikin ɗora shi kan katako don ya ƙara tsawo sai ga Alassane.

"Mi ne ne wannan?"

"Lama."

"Lama da ƙaho?"

"Namiji ne."

"Wuyan fa? Ni na gan su a telebijin, wuya gare su kamar falwaya."

"Na kan dutse ke nan, su ke buƙatar leƙe. Wanga na kwari ne."

"To da wane yare za ka yi masu boka?"

"Ɗan Zabarmancin da na tsinta a bakinka. Wa zai bambance?"

Alassane ya rantse ko za a kore shi daga aiki sai ya zo kallo ranar Asabar. Dama shi zai yi fiɗar ragon, ya ce zai taho da wuƙaƙensa ya wasa su a nan.

Abin da Mahamane ya manta shi ne jajiberin suna gida na mata ne. Kafin azahar bayan gidan ya cika da matan Nijar, masu yankan albasa, masu kwaɓa fanke, masu gulma kawai. Cikin wannan hali wata doguwar mota baƙa ta tsaya, Misis Caldwell da ƙawayenta biyu suka fito cikin fararen kaya, kowace da 'yar tabarmar roba a hammata. Mahamane ya tarye su cikin luru, da kaskon turaren wuta a hannu, yana taku ɗai-ɗai.

"Fofo! Mate ni go?" ya ce da kakkausar murya, wato sannu, kuna lafiya, da Zabarmanci.

Daga gindin katanga Alassane ya amsa masa da lafiya lau, "Baani samay, Na-Zabo!"

Mata suka fashe da dariya. Mahamane ya ce wa baƙin kada su damu, almajiran tsohuwar ne, dariya na cikin maganin.

Aka fara da lama. Ya buɗe rabin ƙofar gareji, rago ya leƙo da hula a ka yana tuƙa. Misis Caldwell ta yamutsa fuska, ta ce wannan bai yi kama da waɗanda ta gani ba.

"Irin na sarakuna ne, Madam. A can ba a nuna wa baƙi shi."

Ragon ya shinshino biskit ɗin hatsi a aljihun rigarta, ya miƙo baki ya lashe mata hannu. Sai ga ƙwalla a idon Baturiya. Da Mahamane ya ga haka, harshensa ya kwance ya kama gudu ba birki.

"Ya zaɓe ki! A dokar Kecuwa, duk wanda lama ya zaɓa ransu ya zama ɗaya. Ba mai raba su, ba mai taɓa ko gashinsa guda."

Sakinatou, ɗaya daga cikin matan, wadda ke aiki a asibiti kuma ta fi kowa jin Turanci, ta ajiye wuƙar albasa ta fassara wa mata. Wata ta ce a maimaita mata wurin gashi gudan nan, tana son ta riƙe shi.

Sai aka zo kan ɓera. Mahamane ya ciro shi daga keji ya fara goga wa doguwar cikin ƙawayen a dantse, yana karanto sunayen unguwannin Yamai da murya ƙasa-ƙasa. Ɓera ya ga hannun riga a buɗe ya shige. Matar ta miƙe ta yi wata rawa da ba a taɓa gani ba ko a bikin Zabarmawa. Ɓera ya fito ta ƙafar wando, ya ratsa tiren albasa, mata suka watse suna salati, Hajiya Fassouma ta kifa masa kwano ɗaf ɗaya.

"Ɓera a gidan mai jego!" ta ce, tana hararar bango. "Saadatou, ki ce ma mai gidan nan na gani."

Mahamane ya shaida wa baƙin cewa tsohuwa ta ce cutar mai ƙarfi ce, amma an kama ta.

Shayin tsirrai ya iso a kwanon sha, kunun kanwa mai kauri da ya sha yaji da citta. Hajiya ta tsaya a kansu da ludayi, ba a barin saura. Suka sha suna tari, hawaye da majina na zuba, fuskokinsu suka yi ja. Mahamane ya ce cutar ce ke neman hanya.

Wanka kuwa, a bayan labulen zannuwa Hajiya ta shirya shi. Tukunya na tafarfasa kan murhun gas irin wanda Amurkawa ke soya talotalo a kai, ga damin ganyen da ta zo da shi. Ta yi wa Mahamane nuni da haɓa ya bar wurin, wannan ba hurumin maza ba ne. Yana fita ya ji fyaɗar farko, ya ji ihu ya biyo ta.

"Ku riƙe mani ita! Kun gani? Ɗanya ce sharaf, ko ɗumi jikinta bai sani ba!"

Gajerar cikin ƙawayen ta ɓallo daga labule ɗaure da zanen wata, tururi na tashi a kafaɗarta, ta faɗa mota ta kulle. Doguwar ba ta jira layi ba, ta bi ta da takalmi ɗaya. 'Yan jami'ar da ke haya a gidan kusa suka fito baranda suna tafi. Mahamane ya ɗaga musu hannu kamar mai karɓar gaisuwa, ya juya zai yi musu bayani.

Bai ga abin da ke tahowa ta bayansa ba. Ihu ya firgita rago, ya diro daga katako, ya ɓalle ƙofar gareji. Shimfiɗar banɗaki ta zame ta koma ƙarƙashin cikinsa, hula na reto a ƙaho ɗaya. Ya ja da baya ya auna lurun nan mai ratsi, ya ɗauki Mahamane ya zuba shi cikin robar ƙullun fanke. Sannan ya taka a hankali ya je ya tsaya jikin Misis Caldwell, ya sa baki a aljihunta.

Sai aka ji ƙarar ƙarfe kan dutse. Alassane ne zaune a kan bokiti yana wasa wuƙa, yana duban ragon yana murmushi.

"Wancan mutumin me yake yi da wuƙa?" in ji Misis Caldwell.

Sakinatou ba ta iya ƙarya ba, ko kuma ba ta ga dama ba. Ta ce gobe sunan jariri, ragon za a yanka.

Baturiya ta rungume wuyan ragon ta juyo kan Mahamane, wanda ke tsaye ƙullu na ɗiga daga gemunsa. "Yanka shi za ku yi? Kai da bakinka ka ce ransa da nawa ɗaya ne!"

Magana ɗaya ce za ta fitar da shi. Abin da ya kamata shi ne ya ce Madam, ƙarya na yi, ragon sunan ɗana ne, shi ke nan. Saadatou ta leƙo ta taga da yaro a kafaɗa ta ce, "Mahamane, don Allah gaya mata gaskiya!" Amma ga matan Nijar kaf sun zuba masa ido, ga Alassane, ga 'yan jami'a. Mahamane bai taɓa cewa na yi ƙarya a gaban mutum biyu ba, balle taro. Ya gyara lurunsa ya share murya.

"Wuƙar aski ce, Madam. Gashi za a rage mashi."

"Ai ko gashi guda ba a taɓawa," in ji matar da ta ce a maimaita mata.

Alassane ya ja yatsa a maƙogwaronsa. Misis Caldwell ta buɗe bayan motarta, ta ɗaga biskit sama, rago ya haye kamar dama can a mota aka haife shi. Sai da Mahamane ya ji ƙarar rufe ƙofa sannan hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya ruga ya riƙe murfin mota.

"Madam, rago ne! Wallahi rago ne! Ni ɗan Maraɗi ne, ko a taswira ban san inda Peru take ba!"

Ta sauke gilashi. Ta ce wannan ta gane tun a wurin kunu. In yana so, sai su kira hukuma yanzu ta zo ta faɗi wanda ya halatta ya riƙe rago, ita mai gonar dawaki a bayan gari ko shi mai gareji. Mahamane ya saki murfin. Mota ta ja, ragon na leƙensa ta gilashin baya yana tauna, hular na nan a ƙahonsa.

Ya zaga gonakin da ya sani har rana ta faɗi. Wata a rufe, wata an sayar, wata kare ya koro shi.

Washegari da safe maza suka cika bayan gidan a kan tabarmi, aka raba goro da dabino. Liman Malam Sanda ya gyara zama ya ce, "To, ina abin yanka?" Mahamane ya hau gyara hularsa. Sai ga Hajiya Fassouma ta fito da lulluɓinta, ta ratsa maza, ta dire kejin ɓeran Masar a gabansa. Ta dube shi ido cikin ido.

"Mahamane," ta ce, "ga abin da ya rage cikin dabbobinka."

Dariya ta ɓarke har liman ya rufe baki da rawani. Mahamane bai yi dariya ba. Ya dubi ɓeran, ya tuna duk shekarun da ya yi yana amsa Na-Zabo yana yaƙe, ya ga abin da ya jawo wa yaron da bai san komai ba ya fi nasa muni. Hawaye suka zubo masa na gaske.

"Ku yi mani duk abin da kuka so," ya ce. "Amma ɗana mi ya yi?"

Dariyar ta mutu. Alassane ya tashi ya je ya buɗe but ɗin tasinsa, ya jawo wani ɗan bunsuru ja, ramamme, mai gemu kamar na tsohon tela.

"Share hawayenka. Hajiya ta aike ni tun ranar da ta ga ka huda mata luru. Ta ce ba ta ga alamar ragon nan zai kai suna ba."

Aka yanka bunsuru, aka raɗa wa yaro Ma'aruf, aka shafa fatiha. Yaro ya tsira, bunsuru dai ko ya rame ƙafarsa huɗu. Mahamane ya rungume Alassane, ya je ya durƙusa bakin ƙofa ya yi wa Hajiya godiya kansa a ƙasa. Mutane suka ce lalle yau mutumin ya yi hankali.

Hankalin ya kai har lokacin da aka kawo fanke da shayi. Da cikinsa ya ɗauka sai ya jingina da katanga ya miƙe ƙafa, ya dubi jama'a.

"Amma ku faɗi tsakani da Allah," ya ce. "Na ce za mu shiga Irving Park, kuka yi dariya. A duk 'yan Nijar na garin nan, ragon wa ya taɓa kwana can in ba nawa ba?"

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Hajiya Fassouma, ba ta ko rage ta ba.

"Saadatou, ki ce ma Alassane ya maida tukunyar nan kan wuta. Akwai saura ɗanye guda a gidan nan."